Gwani da Bangon Ofis

Mijin ƙanwata ya yi shekara goma sha huɗu yana fentin gidaje a ƙarƙashin babban yayanmu, ba wanda ya taɓa jin kansa, sai ranar da aka tura shi ya shafe falon wani mai zanen hotuna. Mai gidan ya yi baƙi, yana yi musu bayanin wani hoto da ya jingina a kujera. Mijin ƙanwata yana saman tsani da rola a hannu, amma kunnensa yana ƙasa. Da yamma ya dawo gida ya sanar da Auta, wato ƙanwar tawa, cewa ashe duk shekarun nan kashe masa baiwa ake yi.

"Wa ke kashe ta?" in ji Auta.

"Rola."

Washegari bai je aiki ba. Ya sayi hula mai faɗi, ya ɗaure wuyansa da ƙyalle, ya ce daga yau a riƙa kiransa Gwani. Sunan ya bi shi nan da nan, don unguwa ba ta ƙin abin dariya. Sannan ya ƙwace ɗakin gaba ya ce ya zama ɗakin aikinsa. Wannan ɗaki kuwa Auta ta shekara biyu tana shirya shi don ta buɗe wa yaran unguwa darasin yamma. Kujeru goma sha biyu da ta sa kafinta ya yi mata suka koma baranda, aka kife su, aka rufe da leda.

Wata takwas yana cikin ɗakin. Hoto ɗaya ya fito da shi, ya ce kyanwa ce. Mahaifiyarmu ta daɗe tana kallo, ta ce butar ta yi kyau, sai dai ba ta ga marfin ba.

Ni da Auta makaranta ɗaya muke koyarwa, ni mataimakiyar Shugaba, ita tana riƙe da aji uku. A wannan zangon Shugaba za ta yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya. Kwamitin iyaye ya zauna, wani ya kawo shawarar a zana fuskarta a bangon ofis, wanda ke kallon filin taro. Ana cikin neman mai zane sai ga Gwani, ya kawo wa Auta makullin gida da ta manta. Ta taga ya ji zancen, ya shigo ba sallama ya ce zai yi, kuma kyauta. Kwamiti na jin kyauta ya amince tun bai rufe baki ba. Na dubi Auta, na ga ta sunkuya tana neman wani abu a cikin jakarta da ba ya nan.

Ranar Asabar Auta ta tara mu a gidan Babban Yaya.

"Ina son shaidu," in ji ta. "In aka yaye bangon nan Shugaba ta gane kanta, na bar masa ɗakin har abada, kujeruna na kyautar. In ba ta gane ba, ya ba ni makulli a wurin, Litinin ya koma wurinka, Yaya."

Babban Yaya ya ce, "Rolarsa tana nan a rataye. Ko wanke ta bai yi ba."

"Ka ba wa almajiran sana'a," in ji Gwani. "Na yarda da sharaɗi. Ku dai ku nemi wanda zai sayi kujeru."

Sati uku ya rage. Na kawo masa hoton Shugaba mai kyau, wanda aka ɗauka ranar rabon kyaututtuka. Ko karɓa bai yi ba.

"Yaya, kwafi aikin inji ne. Ni ba fuska nake zanawa ba, mutum nake zanawa. Sai na karanci ruhinta tukuna."

Karatun ruhi ya ci kwana huɗu. Yakan zo da safe da ƙaramin littafi, ya laɓe inda zai hango Shugaba, ya ƙanƙance ido, ya yi rubutu. Malamai suka ga baƙo da hula yana rubutu a bayan aji, suka ɗauka mai duba makarantu ne. Wanda bai cika rajista ba tun farkon zango ya cika ta a yini ɗaya. Malamin lissafi, wanda bai taɓa riga ƙararrawa zuwa ba, ya fara share gaban ajinsa da kansa. A kwana na huɗu mai gadi ya tsinci Gwani tsugune a bayan tankin ruwa yana leƙen tagar ofis, ya riƙo shi ta ƙyallen wuya ya kai shi gaban Shugaba.

"Ranki ya daɗe, ga shi. Tun Litinin yake zagaye ki."

Shugaba ta dube shi ta saman tabarau. "Me kake nema, ɗana?"

"Ruhinki, ranki ya daɗe."

"Ka same shi?"

"Saura kaɗan."

"To in ka same shi ka gaya masa akwai takardun jarrabawa da ba a duba ba. Sake shi, mai gadi."

A tsallaken titi akwai wani tsoho mai rubuta alluna. Shi ya rubuta allon makarantarmu da na rabin shagunan layin, kuma ya taɓa zana kifi a bangon mai sayar da kifi wanda har yau kyanwoyi ke tsayawa kallo. Da ya ga an jingina tsani a bangon ofis sai ya tsallako da zare da garin alli a gwangwani.

"Ɗana, ina ƙaramin zanen?"

"Wane ƙaramin zane, Baba?"

"Wanda za ka faɗaɗa. Sai ka zana a takarda, ka raba ta gida-gida. Ka zo bango ka buga zare, shi ma ka raba shi gida-gida. Abin da ke gida na uku a takarda, shi za ka sa a gida na uku a bango. Kuma duk bayan ɗan lokaci ka sauko, ka ja da baya taku ashirin, ka duba. Bango ba ya faɗa wa na kusa gaskiya."

Gwani ya yi murmushin tausayi. "Baba, wannan dabarar masu rubuta 'ana ɗinki a nan' ce. Ka taɓa ganin an raba zuciya gida-gida?"

"Ban taɓa ba. Amma na ga hancin da ya sauka inda kunne ya kamata."

"Ja da baya na masu shakka ne. Ni gaba nake yi."

"Gaban naka bango ne," in ji tsohon. Ya naɗe zarensa ya koma inuwa.

Don kada idon mutane ya ɓata aikin, Gwani ya aro tampol na rufe motar kaya, ya rataye shi daga rufin ofis har ƙasa. Tsakanin tampol da bango taku ɗaya ne. A nan ya shige da tsani da bokitansa, kuma daga ranar ba wanda ya ga abin da yake yi, har da shi kansa.

Ni aka ɗora wa haɗa ɗan littafin da za a raba ranar taro, kwamiti kuma ya ce a sa shafi ɗaya na hira da mai zane. Na ɗauki kujera na zauna a wajen tampol, muryarsa tana fitowa daga ciki kamar daga rijiya.

"Me ya ja ka zuwa zane?"

"Rubuta, Yaya. Ban zo wurin zane ba, zane ne ya zo wurina. Na gudu, ya bi ni."

Na rubuta. "Yaya kake aiki?"

"Nakan fara da ido, don nan ne ƙofar mutum. In na gama ido ɗaya sai in jira ya gaya mini inda ɗan'uwansa yake."

"Ya gaya maka?"

"Jiya ya faɗa. Rubuta kuma: ba ni ke riƙe burushi ba, burushi ke riƙe ni. Ba na awo. Ba na gyara. A wurina babu kuskure, sai saƙo."

"Launi fa, yaya kake zaɓa?"

"Launi ke zaɓa na."

Wannan amsar ta ƙarshe gaskiya ce. Ruwan ƙasan da ya saya ya ƙare masa tun yana kumatun hagu, sai ya je ɗakin ajiyar Babban Yaya ya kwaso ragowar bokitai: koren da aka shafa wa wani asibiti, da ruwan hodar ɗakin wata amarya, da baƙin ƙofar gareji. Babban Yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, bai hana shi ba. Har da ɗora masa a kan babur.

Ranar Laraba ta sati na biyu Shugaba ta kira ni ofis da hantsi. Na same ta zaune cikin duhu.

"Mataimakiya, hadari ne ya haɗu, ko idona ne ya yi ritaya kafin ni?"

Na je taga. Tun da aka rataye tampol haske ya ragu, amma yanzu gilasan sun toshe gaba ɗaya, an shafe su da baƙin fenti daga waje. Na zagaya na yi magana da tampol.

"Gwani, ka shafe tagar Shugaba."

"Ido na biyu ne ya ce a nan yake so."

"A kan taga?"

"Yaya, ni ɗan aike ne."

Shugaba ta ce a bar shi, kwana goma ne ya rage mata, ta sa aka kawo fitila.

Sai tsani ya gaza. Fuskar ta yi ta girma har goshi ya wuce inda hannunsa ke kai. Mai gadi ya ce ya bari a aro dogo a wurin masu gyaran wuta. Gwani ya ce saƙo ba ya jira, ya jawo teburin aji ɗaya ya ɗora tsanin a kai. Muna tsakiyar darasi muka ji ƙara, tampol ya kumbura ya lotsa, bokiti ya gangaro waje yana aman baƙi. Muka tarar da shi zaune a ƙasa, hular ta koma ƙeya, burushi har yanzu a hannu. A hanyarsa ta saukowa ya ja baƙin layi mai faɗin tafi tun daga kunne har haɓa.

"Ka ji ciwo?" in ji Auta.

"A'a."

"To goge wancan kafin ya bushe."

Ya ɗaga kai ya dubi ɗan abin da ke gaban hancinsa. "Ba za a goge ba. Hannu ya san abin da kai bai sani ba. Inuwa ce."

Da yamma ya ƙara wa ɗaya gefen irinta don su yi daidai. Washegari ya ga ta dama ta fi kauri, ya ƙara wa ta hagu. Kwana na uku ta hagu ta fi. Haka ya yi ta sasanta su har baƙin fenti ya ƙare.

Ranar taro fili ya cika tun ƙarfe tara. Yara sun jeru aji-aji, iyaye a ƙarƙashin rumfa, Shugaba a kujerar tsakiya kusa da shugaban kwamiti. Babban Yaya ya zo da motarsa ya ajiye a bakin ƙofa, ban tambaye shi abin da ke bayanta ba. Tsoho mai alluna ya tsallako da kujerarsa, ya ƙirga taku ashirin daga bango, ya zauna. Gwani yana tsaye jikin tampol da sabon ƙyalle, igiya a hannu.

Shugaban kwamiti ya ce kafin a yaye, a karanta hirar mai zane. Na tashi na karanta ta yadda na rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba. Da na zo kan "burushi ke riƙe ni" wasu iyaye suka gyaɗa kai. Da na zo kan "babu kuskure, sai saƙo", malamin lissafi ya ce a hankali Allah ya sa 'yan ajinsa ba su ji ba. Aka tafa. Gwani ya dafa ƙirji ya rusuna, ya ja igiya.

Tampol bai motsa ba. Ya sake ja. Ya naɗe igiyar a hannu ya ja da dukan jikinsa, sai tampol ya taho gaba ɗaya tare da guntun indararo, ya lulluɓe shi. Kafin ya kuɓuto, mutum ɗari huɗu sun riga shi ganin aikinsa.

Fili ya yi tsit.

Kan da ya zana ya kai girman ƙaramar mota, kuma a baje yake daga sama kamar tebur, don nan tsani ya tsaya. Ido ɗaya yana kusa da rufi yana kallon sama. Ɗayan yana kan taga, kamu uku ƙasa da ɗan'uwansa, yana kallon ajin 'yan aji ɗaya. Kumatun hagu ruwan ƙasa, na dama kore, goshi ruwan hoda. Hanci ya taso daga tsakiya da niyya mai kyau, ya karkata, ya ƙare a kusa da kunne. Daga kunne zuwa kunne kuwa, ta ƙarƙashin haɓa, gemu ne baƙi ƙirin, cikakke, wanda duk namijin da ke wurin zai yi fatan irinsa.

Wata yarinya a aji ɗaya ta fara kuka, ƙawayenta suka taya ta.

Gwani ya fito daga ƙarƙashin tampol yana murmushi, ya juya ya dubi bango. Daga inda yake ba a ganin komai sai kore. Ya ja da baya taku biyu, ya ƙara uku. Murmushin ya fara sauka. Ya ci gaba da tafiya da baya, yara suna buɗe masa hanya, har ya zo daidai kujerar tsoho mai alluna.

"Nan ne ashirin," in ji tsohon. "Sannu da zuwa."

Shugaba ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta daɗe tana kallo. Mace ce mai ladabi, shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa kushe aikin yaro a gaban jama'a ba. Ta juya wurin shugaban kwamiti.

"Wane bawan Allah ne wannan? Cikin waɗanda suka kafa makarantar ne?"

Kafin ya amsa, mai shara da ke cikin ofis ta ji shirun ya yi yawa. Ta sa kafaɗa ta ture tagar da fenti ya liƙe. Idon ƙasa ya buɗe biyu, kanta ya leƙo daga cikinsa da tsintsiya. "An fara ne?" in ji ta.

A nan fili ya fashe. Mai gadi ya zauna a ƙasa. Shugaban kwamiti ya rufe fuska da littafin taro, kafaɗunsa suna rawa. Ni ban yi dariya ba, don ina riƙe da lasifika.

Gwani ya ruga gaban Shugaba ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, kada ki duba da idon waje. Ki duba ta ciki. Babu abin da kika gane?"

Ta sake dubawa, don tana son ta taimake shi. "Tabarau ɗin ya yi kama da nawa."

Ya miƙe ya juya wurin Auta. "Kin ji da kunnenki. Ta gane."

"Tabarau ta gane."

"Tabarau wani ɓangare ne na mutum."

"To tabarau ya zo ya karɓi ɗakin. Kai ka ba ni makulli."

"Yaya," ya ce da ni, "ke shaida ce."

"Shaida ce," na ce. "Ta tambaya ko cikin waɗanda suka kafa makarantar ne."

Shugaban kwamiti ya share hawaye ya ce akwai matsala, nan da awa ɗaya baƙi daga ofishin ilimi za su iso, kuma a gaban wannan bangon aka shirya ɗaukar hoto. Aka gwada mayar da tampol, indararon da zai riƙe shi yana ƙasa. Sai ga Babban Yaya ya taho daga mota ba gaggawa, bokitin farin fenti a hannu ɗaya, rola mai doguwar sanda a ɗayan. An wanke ta. Ya miƙa wa Gwani.

Gwani ya dubi rola. Ya dubi gemun. Ya cire hula ya ba mai gadi, ya kwance ƙyallen wuya ya ɗaure a kai, ya naɗe hannun riga.

Aka ci gaba da jawabai, amma ba wanda ya saurara. Kowa bango yake kallo. Ya fara daga kusurwar sama ta hagu, ya sauko, ya koma, kowane layi yana hawa kan gefen na baya daidai gwargwado. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Ya zagaye taga da ƙaramin burushi ba tare da ya manna takarda ba, layin ya fito kamar an ja da rula, sannan ya kankare gilasan da reza har haske ya koma ofis. Gemun ya ci hannu uku, shafa kan shafa, kafin ya haƙura. Tsoho mai alluna ya tashi daga kujerarsa ya matso kusa, ya karkata kai ya bi bangon da ido daga gefe, ya ce, "Wannan hannu ne."

Motar baƙi tana shigowa yana sauke rola. Aka ɗauki hoto a gaban farin bango, Shugaba a tsakiya, kuma duk wanda ya ga hoton ya gane ta. Da za ta tafi ta tsaya wurinsa ta ce gidanta na neman fenti kafin ta koma zama a cikinsa, in yana da lokaci.

"Yana da shi," in ji Babban Yaya. "Litinin, ƙarfe bakwai."

Auta ta miƙa hannu. Gwani ya laluba aljihu ya ciro makulli, ya riƙe shi ɗan lokaci, ya sa mata a tafi, da farin fenti a jikinsa.

"Kuma ɗakin sai an shafe shi kafin kujeru su shiga," in ji ta. "Ka ɓata bangon da gwaje-gwaje."

Ya lumshe ido ya ɗaga kai sama. Na san wannan tsayuwar, na fara laluben biro. Auta ta ja numfashi tana jiran jawabi.

"Bokiti ɗaya da rabi zai isa," in ji shi. "Hannu biyu. A fitar da kaya tukuna, a bar taga a buɗe kwana ɗaya. Kuma duk garin nan babu mai yin sa kamar ni."

Muka dubi juna, ni da Auta da Babban Yaya. Wata takwas muna jiran ya faɗi abin da ba za mu musa ba.